Filin Tambaya da Amsa: "Ba Haka Yake a Littafi Ba"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni ɗaliba ce a Zariya. A hutun da ya wuce na kalli fim ɗin nan mai dogon zango, Game of Thrones, tun daga farko har ƙarshe, a kwamfutar yayana. Shi ya karanta littattafan da aka ciro labarin daga ciki, ni ban karanta ba. Wallahi Malam bai bar ni na ji daɗin kallon ba. Da an yi wani abu sai ya ja tsaki ya ce "ba haka yake a littafi ba," wani lokacin har ya tashi ya fita. Da na leƙa intanet sai na ga ashe irinsa suna da yawa, kullum cikin ƙorafi. Shin suna da gaskiya, ko burga ce kawai don a san sun yi karatu? Ni dai a ganina fim daban, littafi daban. Kuma kana ganin in nemi littattafan in karanta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, iyali lafiya lau, na gode. Ki gai da yayan naki, ki ce masa akwai wani a nan da ya ja irin wannan tsakin, ya kuma san inda yake masa ciwo. Sai dai ba zan ba shi gaskiya a kan komai ba.

Maganarki cewa fim daban, littafi daban, haka take. George R. R. Martin, Ba'amurken da ya rubuta labarin, ya fitar da littafi na farko a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar a 2011, kowannensu tubali guda. Kafin nan ya yi shekaru yana rubuta wa talabijin labarai a Amurka, inda kullum ake ce masa ya rage mutane, ya rage yaƙi, kuɗi ba za su isa ba. Da ya koma rubutun littafi sai ya saki hannu: ɗaruruwan mutane masu suna, garuruwa barkatai, dodanni masu aman wuta. Ga kuma salonsa, kowane babi daga cikin zuciyar mutum ɗaya ake ba da shi, kina jin abin da yake saƙawa a ransa ko bai buɗe baki ba. Kyamara ba ta shiga zuciya. Dole David Benioff da D. B. Weiss, waɗanda suka shirya wa tashar HBO fim ɗin daga 2011 zuwa 2019, su yanke, su haɗe, su ƙirƙiro. Sun ƙara wa yaran shekaru, domin a littafi Daenerys 'yar shekara 13 ce lokacin da aka aurar da ita, Robb da Jon kuma 14. Sun mayar da sunan Asha ya koma Yara don kada mai kallo ya rikita ta da wata Osha. Wanda ya tayar da jijiyar wuya a kan irin waɗannan, ki ƙyale shi.

Akwai ma wuraren da suka ƙara abin da babu a littafi kuma ya yi armashi. Hirarrakin nan na zango na biyu tsakanin ƙaramar yarinya Arya da dattijo Tywin Lannister, tana zuba masa ruwa bai san 'yar maƙiyinsa ce ba, kowa yana auna maganar ɗan uwansa: a littafi wani basarake daban ta yi wa hidima, ba ta taɓa zama da Tywin haka ba. Ni da na karanta littafin na ji daɗinsu ƙwarai.

To ina gizo ke saƙar? Bari in ba ki labarin dare ɗaya.

Littafi na uku a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai na bakin titi na saye shi a Kaduna, bangonsa a yage, wani ya ja layi da jan biro a wasu shafuka. Lokacin hunturu ne, ina karantawa da fitilar waya bayan kowa ya kwanta. Kusan ƙarshensa akwai babin da Jaime ya zo kurkuku ya kuɓutar da ƙanensa Tyrion, wadan nan, a daren da za a wayi gari a kashe shi. Kin san labarin Tysha, domin Tyrion ya ba da shi a zango na farko: yarinyar da ya aura a ɓoye yana yaro, ubansa ya gano, aka ce masa karuwa ce Jaime ya biya ta, sannan uban ya miƙa ta ga dogaransa suka ci mutuncinta a gabansa. Tyrion ya girma yana ɗauke da cewa mace ɗaya da ta taɓa nuna tana sonsa, kuɗi aka ba ta. A wannan daren, a cikin duhun kurkuku, Jaime ya faɗa masa gaskiya: ƙarya ce, ubansu ne ya sa shi ya faɗi haka. Yarinyar 'yar talakawa ce kawai, kuma da gaske take sonsa.

Na ajiye littafin a ƙirjina na daɗe ina kallon rufin ɗaki. Daga nan duk abin da Tyrion ya yi, na san daga inda ya taso. Ya mari Jaime. Ya yi masa ƙarya don ya ƙona masa rai, ya ce shi ya kashe Sarki Joffrey, ɗan Jaime ɗin. Maimakon ya gudu, sai ya hau ɗakin ubansa, ya same shi a makewayi, ya auna shi da baka, ya tambaye shi abu ɗaya: ina Tysha? Uban ya sake kiranta karuwa bayan an gargaɗe shi, kibiya ta tashi. Mutumin da ya fita daga garin nan, wanda muka sake haɗuwa da shi a littafi na biyar, ba shi ne mai barkwancin da muka sani ba. Zuciyarsa ta yi baƙi, ba ya son kowa, har da kansa.

A 2014, da kashin ƙarshe na zango na huɗu ya fito, na je wurin masu turi aka sa mini, na zauna ina jiran wannan maganar. Jaime ya buɗe ƙofa, suka rungumi juna, suka yi sallama cikin ƙauna. Ko sunan Tysha ba a ambata ba. Duk da haka Tyrion ya hau ya kashe uban. Ba zan ce ba shi da wani dalili ba, ai uban ne ya yanke masa hukuncin kisa, ga kuma masoyiyarsa Shae da ya tarar a gadon uban. Amma babban dalilin an zare shi, an bar aikin a tsaye. Bayan nan kuma Tyrion na fim ya ci gaba da zama mutumin kirki mai ba sarauniya shawara har labarin ya ƙare, kamar wannan daren bai taɓa shi ba.

Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi, ƙanwata. Idan aka canza abu, sai in duba: dalilin da ya sa mutumin ya aikata abin da ya aikata yana nan, ko an tafi da shi? Dubi auren Robb Stark. A fim ya ga wata mai jinya, Talisa, ya kamu da sonta, ya karya alkawarin auren da ya ɗaukar wa gidan Frey. A littafi yarinyar Jeyne Westerling ce. Yana kwance da rauni a gidansu aka kawo masa labarin an kashe ƙannensa biyu, ta zo rarrashinsa, abin da bai kamata ba ya faru, washegari ya aure ta don kada ya bar ta cikin abin kunya. Ya fifita mutuncinta a kan alkawarinsa, irin tarbiyyar ubansa, kuma wannan ne ya ci shi da uwarsa da rundunarsa a wurin bikin nan na jini. Bahaushe ya fi kowa gane nauyin wannan zaɓi. A fim ya zama labarin saurayin da soyayya ta rufe wa ido, irin wanda muka gani sau ɗari.

Haka aka yi ta zarewa. Catelyn, uwar su Robb, a littafi an tashe ta bayan an kashe ta, tana yawo tana rataye 'yan gidan Frey. Fim bai kawo ta ba. A zango na biyar aka ɗauki Sansa aka aurar wa Ramsay Bolton, alhali a littafi wata ƙawarta ce, Jeyne Poole, ta faɗa wannan azabar, Sansa tana can wani yanki tana koyon siyasa. Akwai wani saurayi da ake cewa shi ne Aegon, ɗan yayan Daenerys, wanda ya riga ta sauka ƙasar da rundunarsa a ƙarshen littafi na biyar. Shi ma babu shi. Masu karatu da yawa suna hasashen cewa shi ne zai zama sarkin da talakawa ke so, wanda zuwansa zai sa Daenerys ta tarar an riga ta, ta zama baƙuwa mai ƙwace. Hasashe ne, amma ki ga ramin da rashinsa ya bari.

Laifin kuma ba na masu fim ba ne su kaɗai. Littafi bakwai Martin ya ce zai rubuta. Na biyar ya fito a watan Yulin 2011, wata uku bayan fara nuna fim ɗin, ya tsaya a inda aka soke Jon Snow da wuƙaƙe. Na shida, The Winds of Winter, har zuwa yau da nake wannan rubutu bai fito ba. Daga zango na shida, a 2016, hanya ta ƙare musu. Martin ya faɗa musu manyan abubuwan da za su faru, amma faɗin inda za a sauka daban, sanin hanyar daban. Su kuma suka ƙara da gaggawa: zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai kashi 7, na takwas kashi 6, jimilla 73, alhali shi marubucin ya faɗa a fili cewa labarin zai iya kai zango goma har ya wuce. Sai ga Daenerys, wadda ta shafe shekaru tana 'yanta bayi, ta ƙone birnin da ya riga ya miƙa wuya, a kashi na biyu daga ƙarshe. Ni ban ce ba za ta iya ba. Akwai alamun zafin zuciya a tare da ita tun farko. Amma hanyar da za ta kai ta can, wadda ya kamata mu bi da ita taki-taki, a kashi biyu ko uku aka tsallake ta. Shi ya sa bayan kashin ƙarshe na ranar 19 ga Mayu, 2019, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a wata takardar koke a intanet suna neman a sake zango na takwas. Da yawansu ko buɗe littafin ba su taɓa yi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Inda na saɓa da yayanki shi ne hana ki kallo cikin natsuwa. Abin da ya ji a littafi nasa ne, ke ma kina da haƙƙin jin naki. Da ya bari kin gama, sannan ku zauna ku yi musu. Masu zagin 'yan wasa a intanet kuwa ba na tare da su ko kaɗan. Abin da aka rubuta musu suka yi.

Batun karatu, in Turancinki ya zauna kuma kina da haƙuri, ki karanta, ki fara daga na farko kada ki tsallaka. Uku na farko suna gudu, na huɗu da na biyar suna jan ƙafa, domin a lokaci ɗaya labaransu ke faruwa, an raba su ne bisa yankuna. Ki sani littattafan, kamar fim ɗin, akwai batsa da zubar da jini a ciki, kada ki bar su inda ƙannenki za su ɗauka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni marubuciya ce a Kano, ina sakin labaraina a waya babi-babi. Wani mai shirya fim ya nemi in sayar masa da ɗaya. Ina tsoron ya lalata mini shi. Shin marubuci ba shi da ikon hana a canza masa labari?

AMSA: Barka kadai Malama, Allah ya ƙara basira. Ikonki yana ƙarewa ne a inda takardar yarjejeniya ta tsaya. Ki dubi Martin ɗin nan da muke magana a kai. Sunansa yana cikin manyan masu shirya Game of Thrones, shi da kansa ya rubuta kashi huɗu, ɗaya a kowane zango daga na farko zuwa na huɗu, amma yanke hukunci na ƙarshe ba a hannunsa yake ba. A wani fim ɗin da aka ciro daga littafinsa, House of the Dragon, wanda aka fara a 2022, an cire wani ƙaramin yaro mai suna Maelor. A littafi makasa sun tilasta wa uwarsa Helaena ta zaɓi wanda za a kashe cikin 'ya'yanta maza biyu, ta nuna ƙaramin, suka kashe babban, suka bar ta da yaron da ya ji uwarsa ta zaɓe shi. Da aka cire Maelor wannan zaɓin ya tafi. A watan Satumban 2024 Martin ya rubuta ƙorafinsa a shafinsa, yana bayanin yadda rashin yaro ɗaya zai rushe abubuwan da ke gaba, ba a jima ba aka sauke rubutun. Mutumin da duniya ta san shi ke nan.

Don haka kafin ki karɓi ko sisi, ki zauna da labarinki ki fitar da abubuwa biyu ko uku waɗanda in an taɓa su labarin ya mutu. Yawanci za ki tarar dalilan mutanenki ne: me ya sa ta yarda da auren, me ya sa ya ƙi yafewa. Ki sa a rubuta su a yarjejeniya, tare da sharaɗin za ki ga rubutun fim ɗin kafin a ɗora kyamara, a kuma sa hannu a gaban lauya ko shaidu. Sunan gari, yawan ƙawayen amarya, wanda aka haɗe da wani don a rage kuɗin 'yan wasa, waɗannan ki sakar masa. In ya ƙi yarda a rubuta ko ɗaya, ki riƙe labarinki, wani zai zo.