Janareta mai taya: kada lambar da ke jikinsa ta ruɗe ki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sayen janareta mai taya da zai ɗauki firji, fanka uku, talabijin da injin jan ruwa. Na ga wani an rubuta masa wat 3,000, kayana kuwa da na lissafa ba su kai 2,000 ba. Zai ishe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lissafinki ya yi, amma da saura. Firji da injin jan ruwa mota ce, wato injin lantarki mai juyawa, ke aiki a cikinsu, kuma a daidai lokacin tashi takan zuƙi wuta ninki biyu ko uku na abin da take ci idan ta daidaita. Lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro sau da yawa iyakar ƙarfin injin ce, wadda ba ya jure mata sai na ɗan lokaci. Ki duba ƙaramin rubutun da ke gefensa, can ake faɗin ƙarfin da yake iya riƙewa na sa'o'i, kuma da wannan za ki yi ciniki.

Ga dalili. Injin fetur ne ke juya maganaɗisu a cikin koyil, daga nan wuta ke fitowa. A irin waɗannan ƙananan, sai ya yi juyi 3,000 a minti ɗaya kafin wutar ta tsaya a 50Hz, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ko 3,600 a ƙasashe masu 60Hz irin Amurka. Da kaya sun yi masa nauyi gudunsa zai ragu, sai wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira gwamna ya ƙara buɗe wa mai hanya. Gurnanin da kike ji idan firji ya tashi ke nan. AVR kuma, wata 'yar na'ura a jikin janaretan, ita ke riƙe ƙarfin wutar kada ta yi sama ta yi ƙasa, don haka ni ba na ba da shawarar sayen wanda ba shi da ita. In gwamna ya buɗe iyakar buɗewa lodin bai ɗauku ba, fitilu za su dushe, koyil ya yi zafi.

A ganina 3,000 ɗin zai yi miki kaɗan idan firji da injin ruwa za su yi aiki tare. Ko ki ƙara girma, ko ki riƙa kashe firji har tanki ya cika. Akwai mai inbata, wanda ke rage gudu idan lodi ya ragu. Ya fi shiru da tsimin mai, sai dai ya fi tsada. Taya kam sauƙin turawa ce kawai.

Tambaya: Saboda ɓarayi da ruwan sama, zan iya kunna nawa a gareji, in sa wayarsa a soket ɗin bango?

Amsa: Malam, duka biyun a'a. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci, kuma buɗe ƙofar gareji ba ya hana ta taruwa. Ka fitar da shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa ta juya wa gida baya, ka yi masa rumfa mai shan iska, ka ɗaure shi da sarƙa. Soket kuwa, wutar na iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke gyara. Ka kira mai gyaran wuta ya sa maka canja-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi.