Tambaya da Amsa: Shin Eksire Yana Gano Gajiyar Ƙarfe?

TAMBAYA: Malam, ni makanike ne mai gyaran manyan motoci. Kwanan baya sifirin wata tirela ya karye ba tare da an cika mata lodi ba, kuma da na duba bakin karayar sai na ga rabinsa sumul mai layi-layi, rabin kuma kaca-kaca. Wani injiniya ya ce ƙarfen ne ya gaji, kuma ana auna matsin da ke cikinsa da eksire. Shin irin hoton asibiti ne? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Injiniyan ya faɗi gaskiya. Ɓangaren nan mai sumul shi ne inda tsagewa ta riƙa cin ƙarfen a hankali duk lokacin da sifirin ya lanƙwasa ya miƙe, har abin da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hanzarta tsagewar ko su jinkirta ta shi ne ɓoyayyen matsin da walda, ƙira ko wanki da dutsen gurza suka bari a jikin ƙarfe. Idan fatar ƙarfen a ɗame take, tsagewa tana samun hanya. Idan a matse take, bakinta yana rufewa, shi ya sa masana'antu ke yi wa sifirin luguden ƙananan ƙwallayen ƙarfe domin su matse fatarsa kafin ya fita kasuwa.

Amma wannan awon ba hoton asibiti ba ne. Ƙwayoyin zarrar ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kuma matsi yana sauya tazarar da ke tsakanin sahun. Ana haska eksire a kan ƙarfen, a auna kusurwar da hasken ya dawo, sannan a lissafa tazarar da ƙa'idar da masanin kimiyya Bragg ya fitar a Ingila a 1913. Ga ƙarfe irin na sifirin, ana amfani da eksiren da ake samarwa daga ƙarfen kuromiyam, wanda ke dawowa a wajen digiri 156, kuma ana karkata na'urar sau da yawa domin a kwatanta sakamakon.

Hasken ba ya shiga ciki fiye da kamar kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Saboda haka duk wanda ya goge tsatsa da samfefa kafin awo ya ɓata aikin, domin matsin gugarsa za a auna. Idan ana son sanin abin da ke can ƙasa, da sinadari da lantarki ake zaizaye fatar kaɗan-kaɗan.

Ina so ka riƙe wannan da kyau: awon yana nuna yadda matsin kariya ya saki bayan doguwar wahala, amma ba zai faɗa maka kwana nawa suka rage wa sifirin ba. Don neman tsagewa a gareji, gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe ya fi maka amfani da sauƙin kuɗi.