Ma'anar "tinkle" da asalinta

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar kalmar Turanci "tinkle" da inda ta samo asali. Ƙara ce siririya ta ƙarfe ko gilashi, irin wadda awarwaro ke yi idan mace tana daka, ko cokali idan ya taɓa kofin shayi. Ƙaramar ƙararrawa ma haka. Tukunya ta faɗi ƙasa kuwa, wannan ba "tinkle" ba ce, ta yi nauyi.

Asalinta kwaikwayon sauti ne, kamar yadda muke cewa kacau-kacau. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 14 take cikin Turancin Ingila, daga tsohuwar kalma "tinken". Wannan "-le" na ƙarshe maimaici yake nunawa, aikin da mu muke yi da ninka kalma. Tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda aka siffanta ƙarar kuge da ita.

Amma ka yi hattara. Baturen Ingila idan ya ce "give me a tinkle", ka buga masa waya yake nufi. A bakin yara kuma fitsari ne, don haka ka duba wanda kake gaya wa kafin ka furta ta.