Amsa ga mai sabon tankin ruwan gishiri: kada ka karɓi kayan nan a tashi ɗaya

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka, ka haɗa tanki mai cin lita 120, ka dama gishiri kwana huɗu da suka wuce, mai sayarwa a Legas kuma ya ce zai haɗo maka kifin kilawun (ƙaramin kifin teku mai ruwan lemo da fararen layuka) biyu, kifin shuɗin tang ɗaya, dodon koɗi ashirin da kaguwa goma a mota ɗaya don kuɗin kawowa ya yi sauƙi. Don Allah kada ka karɓa. Irin wannan haɗin na karɓa a karon farko, a nan ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma kafin kwana tara ba abin da ya rage yana motsi sai kaguwa biyu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don rayuka ne na salwantar da gaggawa.

Abin da ya cuce ni sabo da tarwada ne. Ita ko ruwa ya fara wari sai ta ɗago ta shaƙi iska ta ci gaba da harkarta. Kifin teku ba ya da wannan juriyar. Kashinsa da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, kuma ba mai kawar da ita sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin dutse da yashi. Su ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin ta zama naitiret mai sauƙin illa. Tankinka na kwana huɗu bai tara su ba tukuna, ko da ruwan ya yi garau kamar hawaye. Jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki, ka bar famfon juya ruwan tankin yana aiki dare da rana, ka sayi kayan gwajin ruwa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ma haka. Sai dukansu biyu sun koma sifili sannan a fara maganar rai. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne.

To, batun masu shara, wato dodon koɗi da kaguwa masu tsaftace tanki, wanda nan ne aka fi yaudarar sabon shiga. Dodon koɗi gansakuka yake ci, tankin da aka wanke jiya kuwa ba shi da ko ɗigo. Ashirin a ciki yunwa za ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mushe yana ƙara amoniya. Jira sai ka ga wata ƙura ruwan ƙasa ta fara rufe gilashi da yashi, wannan ce alamar abinci ya samu. Sai ka fara da huɗu ko biyar. Ni na fi son wanda ake kira turokus, mai ƙoƙo kamar malfa, don in ya faɗo ta baya yana iya juyawa da kansa. Akwai wani mai kama da shi, astiriya, da in ya kife sai ka sa hannu ka tashe shi, in ba haka ba ya mutu a wurin. Nasariyus kuma, wani irin dodon koɗin, ba ruwansa da gansakuka, ragowar abinci yake bi. Yana binne kansa cikin yashi, ɗan bututunsa kawai za ka gani, da ya ji ƙamshin abinci sai ya fito. Shi kam sai bayan an sa kifi.

Kaguwar nan mai aron gida, yara suna sonta ƙwarai, amma ka san halinta: in ta girma gidan ya matse ta, dodon koɗinka za ta kashe ta shige ƙoƙonsa. Biyu sun isa, kuma ka zuba musu ƙoƙuna marasa kowa masu girma daban-daban.

Waɗannan ƙananan halittu sun fi kifi jin canjin gishiri. Juye su a roba da ruwan da suka zo ciki, ka riƙa ɗiga musu ruwan tankinka ta siririn tiyo kamar ƙarin ruwan asibiti na kusan awa guda, sannan ka ɗauke su da hannu, ruwan ledar a zubar. Kuma ka kiyayi jan ƙarfe. Maganin farin ƙurajen kifi da yawa yana ɗauke da shi, kaɗan daga ciki yana gamawa da dodon koɗi da kaguwa da jatan lande. Shi ya sa nake ajiye ƙaramin tanki daban, sabon kifi ya yi 'yan makonni a can kafin ya shiga babba.

Kilawun biyu sun dace da kai. Nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Ikon Allah, babban ne zai rikiɗe ya zama mace. Shuɗin tang kuwa ka haƙura da shi, yana kusan kai santimita 30 kuma mai yawo ne, lita 120 kurkuku ne a gare shi. In an yi maka tayin ƙaramin kifin da ake kira damsel don araha, ka sani mafaɗaci ne, in ya riga shiga ba baƙon da zai sake. Ƙananan kifi uku ko huɗu su ne iyakar tankinka, kuma tsakanin kowane da na bayansa a bar mako uku.

Abin da mutanen Legas ba za su gaya maka ba shi ne yanayinmu. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a Afrilu zafi yana wuce 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta da tsakar rana famfo ya tsaya, 'yan awanni sun isa a yi asara. Ni famfona a kan batirin sola yake, da ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Da hunturu kuma sai hita, don sanyin asuba na Janairu ba wasa ba ne. A lokutan nan biyu ruwa yana ƙafewa da sauri, gishirin kuma ba ya tafiya, yana nan yana ƙara kauri. Ja layi a jikin gilashi, kullum ka cike zuwa layin da ruwa mara gishiri. Ma'aunin kaurin gishiri ya tsaya wajen 1.025, wato kusan giram 35 a kowace lita, kuma gishirin tanki na musamman, ba na miya ba. Ruwan burtsatsenmu na daina amfani da shi, don gansakuka ya yi ta haifar min. Ina saye a wurin masu fiya wata da ke tacewa da injin RO, mai cire datti da ma'adinai daga ruwa.

Ka ce wa mutumin ya dakata, ka biya kuɗin mota sau biyu ko uku, kuma kada ka yi odar a bazara. In ka yi gwajin farko ka ɗora mana sakamakon a nan mu duba tare.