Amsa: ya zan gane ko gonarmu tana bada abinda ya kamata?

Malam, ka ce kana Agege kana tura wa ƙaninka kuɗin taki duk damina, kana so ka san ko gonar masarar tana biyan wahala. To gaskiya yawan buhu kaɗai ba zai gaya maka ba.

A fara auna gonar tukunna, ko da GPS na waya ne, don yawanci kintace ake yi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kuma a Najeriya masara na bada wajen tan 2 a hekta, wato buhu 20 mai kilo 100.

Amma inda aikin yake shi ne abinda aka zuba, iri, NPK da yuriya, maganin ciyawa, 'yan ƙwadago, har kwanakin da ƙanin naka da yaransa suka yi a gona, wannan shi ake mantawa wai ai ba biya aka yi ba, sannan wajen ƙirga buhunan da aka samu a saka har wanda aka ci a gida da na zakka. Daga nan sai ku gwada da maƙwabta. Masu bincike ma haka suke, su tara manoman yanki ɗaya su nemo wanda ya fi samu da irin kayan aikin, sai a gwada sauran da shi. In maƙwabcinku ya samu buhu 25 ku 15 alhali gona da taki ɗaya ne, kuna kan kashi 60 cikin 100 na abinda ya samu kenan.

Kar dai ka yi lissafi da farashin kasuwar Mile 12 ta Legas, yi da na kasuwar garinku. Kuma damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba saboda ruwan sama.