Ɗora bakwaini a ƙirjin uwa: dabarar rashin kwalba ce?

Malam, Allah ya raya. Ka ce mai ɗakinka ta haihu a mako na 33, yaron kilo 1.7, ma'aikatan jinya suka ce ta riƙa ɗora shi a ƙirjinta, kai kuma kana zargin kwalba ce babu.

Asalin abin kam rashin kwalba ne. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, da jarirai suka yi wa kwalabe yawa. Amma bincike ya wuce nan. Wanda aka buga a 2021, daga asibitoci a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, ya nuna fara rungumar nan take ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da zarar an haihu.

Bakwaini ba shi da isasshen kitsen riƙe ɗumi, jikin uwa ke ɗumama shi. Daga shi sai nafkin da hula, fata da fata, kansa a juye gefe don hanci ya sarara, a ɗaure da zani. Inda ake kuskure shi ne a naɗe shi da kaya tukuna, ko a yi minti goma a sauke. Awa 8 zuwa 24 ake so a rana, kuma kai ma kana iya karɓarta.

In ya ƙi kama nono, jiki ya yi sanyi ko zafi, numfashi na ɗaukewa, ko ido ya yi rawaya, a kira likitan yara nan take.