Amsa: Tashar jirgin ƙasa ta Nguru

Malam, ka tambaya yaushe jirgin ƙasa ya iso Nguru, kuma me ya sa aka kai dogo can tun kafin a kai Maiduguri.

A 1930 aka kammala reshen da ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim, Gagarawa da Malam Madori, ya tsaya a Nguru. Turawa ba don fasinja suka shimfiɗa shi ba, kaya suke so: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga. Shanu ma a nan ake loda su zuwa Kudu. Ayarin raƙuma daga Nijar da Borno su sauke kanwa, 'yan dako su yi ta jido zuwa tarago, bakin tasha ya zama kasuwa. Da haka garin ya tara Kanuri, Hausawa, Fulani, Yarbawa da Ibo.

Maiduguri kuwa sai 1964 ta samu nata dogon, shi ma ta Bauchi da Gombe ya bi. A ganina daga nan Nguru ta fara rasa kayan Borno, manyan motoci kuma suka zo suka kwashe sauran. In ka je, nemi dattijan da suka yi aikin reluwe, su ke da labarin ciki.